Yadda Na Makantar da Kwamfutar Rifkatu

Haɗejiya,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga maigidana, Mai-sunan-Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin mota, ba a matse ka tsakanin buhun shinkafa da ƙahon akuya ba. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin direba mai gaggawa, Ya sauke ka a Dutse da ƙafafunka biyu, amin.

Na sa innarka ta cusa takardar nan a ƙasan kwandon kifin banda, don na san halinka, ba za ku wuce Kafin Hausa ba sai ka kai hannu kwandon. To, ka ci biyu kawai, sauran ba naka ba ne. Ka goge hannu ka karanta. Rubutun kuwa ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne, layin yana hawa yana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa.

Kai, wannan miji da wayo kake! Shekara ashirin da biyu ina wanke ka, ina ɗura maka kunu, ina jiran ranar da za ka ɗinka mini zane. Da aiki ya samu sai ka tattara ka nufi birni inda 'yan mata masu jan baki suke. Babu komai, ka je. Duk wadda ka ɗauko sai ta iya miyar kuka da kifi kafin in ba ta hanyar shiga ɗakina.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Akwai maganar da na kasa faɗa maka baki da baki, don da zarar na kalli fuskarka sai wasa ya zo mini. Ka san wadda za ka yi aiki a ƙarƙashinta, Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, wadda muka yi aiki tare a ɗan ofishin nan na masu kula da noman rani, lokacin ina shara. Ka kuma san ita ta zaɓe ka. Abin da ba ka sani ba shi ne maganar da ta faɗa mini ranar da ta zo gaishe ni, tana zaune a kan tabarmar nan. Cewa ta yi, "Iya, ba takardarsa kaɗai na duba ba. Jikanki ne. Gidan da ba a ƙarya, zan miƙa masa mabuɗin ɗakin na'ura hankalina kwance." Tun ranar tuwo ba ya wuce mini da daɗi. Domin ni na yi mata ƙarya, shekara shida ke nan, kuma a kan na'urar ce. Aikinka a kan sunana ya tsaya, sunan nan kuwa akwai rami a ƙarƙashinsa. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi mini fushi.

Ka sha jin labarin ranar da kwamfutar ofishinmu ta makance. Ni da bakina nake ba ku, ina ƙara gishiri, ina cewa aljanin kogi ne ya shiga ya zauna a gilashin don ya ji sanyin fanka. Kuna ta dariya. To, aljanin yana ɗaura zane, yana cin goro, kuma shi ya rubuto maka takardar nan.

An kawo na'urar shekarar da ta biyo bayan yanka mana jiha. Aka ware mata ɗaki, aka shimfiɗa leda, aka ce kowa ya cire takalmi kafin ya shiga, har Malam Bukar shugaban ofis. Kashi uku ce: ga talabijin a kan tebur, ga allon haruffa a gabansa, ga kuma wani dogon akwati da masu haɗawa suka ajiye a ƙasa, a ƙarƙashin tebur. Rifkatu ta ce mini akwatin nan shi ne mai hankalin, talabijin ɗin fuska ce kawai. Ita kaɗai ta iya da ita, don ita aka tura kwas. A ciki ta zuba sunayen duk manoman da za a raba wa filayen fadama idan ruwa ya janye. Ni kuwa iyakata in share, in goge tebur, kada in taɓa komai mai waya.

Ran nan wata Juma'a, a tsakiyar damina, maza sun tafi masallaci, Rifkatu ta tafi ɗauko 'yarta daga makaranta. Ina shara sai na ga tururuwa sun yi layi a bango, suna hawa sama ɗauke da ƙwansu. Na leƙa taga, iska na kawo warin laka daga kogi. Kai ɗan cikin gari ne, ba za ka gane ba. Ni a ƙauyen bakin fadama aka haife ni. Idan muka ga haka ba ma jiran umarnin kowa. Buhun gero a kan gado, tukwane a kan rumfa, tabarmi a rataye, jariri a bayan uwarsa. Yarinyar da ta bar abu mai daraja a ƙasa a irin wannan rana, sai ta yi shekara ana yi mata gori. Na dubi akwatin nan yana zaune a ƙasa kamar ba shi da gata, na ce ashe masu bokon nan ba su san ruwa ba. Na fita na ɗauko bulo biyu, na yi bisimilla, na rungumo akwatin na ɗaga.

Sai na ji ɓas! Wata waya mai kaurin yatsa, wadda ta taso daga talabijin zuwa bayan akwatin, ta fice ta faɗi. Na ɗauka na duba, kanta da wasu haƙora sirara kamar allura, da kusoshi biyu na murɗawa waɗanda masu haɗawa ba su ɗaure ba. Na nemi ramin da ya yi kama da ita na tura. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi irin na mai kafa turke, ta shige. Daga nan tsoro ya kama ni. Na sauke akwatin inda yake, na mayar da bulo waje, na share wurin tas, har sawun bulon na goge. Ka ga ko ruwan da nake gudu ban cece ta daga shi ba. Ruwan ma bai zo ofis ba, a bayan kasuwa ya tsaya.

Ga nasiha ta farko, maigida. Ranar da ka kunna na'urarka ta ƙi nuna hoto, kada ka fara tunanin babban ciwo. Ka durƙusa ka leƙa baya. Ka tambayi kanka me aka motsa tun jiya, wa ya share, wa ya ja tebur, wa ya ari soket ya dafa shayi. Kada idonka ya gamsar da kai cewa waya tana ciki, tawa ma a ciki take. Ka kashe wuta, ka zare ta, ka duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ka mayar a hankali, ka ɗaure kusoshin. Abin da ya ƙi shiga da lalama, ba wurinsa ba ne ko kuwa a juye ka riƙe shi. Idan kuma alheri ya taso maka a kan kayan wani, ka faɗa masa tukuna. Da na jira Rifkatu na ce mata ruwa na zuwa, da mun ɗaga tare cikin minti biyu, da ta gode mini.

Ranar Litinin Rifkatu ta zo, ta cire takalmi, ta yaye zanen da take rufe na'urar, ta kunna. Ni ina goge tagar da na riga na goge. Akwatin ya yi gurnaninsa na kullum, ya yi ƙit sau ɗaya. Gilashi kuwa baƙi ƙirin.

Ka saurari yadda ta yi, don a nan ne ilimin yake, ba a wurina ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta buga komai ba. Ta duba 'yar fitilar da ke gaban talabijin, tana ci, wato wuta na shiga. Ta kashe ta sake kunnawa, ta kasa kunne, ta ce ƙit ɗaya alamar lafiya ce, da ya jera ƙit-ƙit-ƙit da kuka yake, ciwon na ciki ne. Ta danna wani abu a allon haruffa, wata 'yar fitila ta kama, ta sake dannawa ta mutu. Ta ce, "Iya, yana jin magana. Da ransa. Idon ne." Ta sa hannu a ƙarƙashin talabijin inda wasu 'yan abubuwan murɗawa guda biyu suke, irin na rediyo, ta juya su hagu da dama, ta mayar daidai inda suke. Ta leƙa baya, ta ga waya a cikin raminta, ta taɓa ta ji daram, albarkacin ƙarfina. Ta ce da akwai wani talabijin irinsa a garin nan da ta ara ta gwada, nan take za ta san ko fuskar ce ko akwatin. Babu. Kai a Dutse akwai su da yawa, kada girman kai ya hana ka shiga ofishin maƙwabta ka ce a ara maka. Ka gwada naka a akwatinsu, ka gwada nasu a naka, mai laifin zai fito da kansa.

Ana cikin haka Malam Bukar ya shigo, har ya manta da cire takalmi. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma idan ya tsorata muryarsa takan riga hankalinsa fita. Ya tara mu duka, da masinja da maigadi, ya ce, "Wa ya taɓa? Duk wanda ya taɓa na'urar gwamnati yau zai bar ofishin nan!"

Idonsa ya zo kaina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni? Tsintsiyata ma idan muka zo kusa da ita sai na lallashe ta. Ai ko gaishe ta ba na yi sai ta fara."

Aka kwashe da dariya, har shi. Ya ce, "Iya Yagana, ke dai ba kya rabo da abin dariya. Je ki abinki."

Na tafi abina. Ka ga kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni. Allah Ya ba ni baki mai sa mutane dariya, na mayar da shi mayafi. Kai ma ka gado bakin nan, na sani, don tun kana ƙarami idan ka sha nonon da aka ajiye sai ka ba da labarin kyanwa har a manta da tambayar. Ka kiyaye shi. Sannan idan kai ne mai tambaya, kada ka tara jama'a, kada ka sa kora a gaban tambaya. Ka je wurin mai shara ita kaɗai, ka gaishe ta, ka ce, "Baba, ko wani abu ya fice lokacin da kike gyara? Ba laifi ba ne, so nake in san inda zan duba." Wallahi da haka aka tambaye ni da na faɗa kafin a rufe baki. Mai shara ta fi kowa sanin bayan tebur. Idan kuwa ka yi tambaya wani ya ba ka dariya maimakon amsa, ka yi dariyar, sannan ka sake tambaya.

Yanzu ga inda na gama ɓata miyar. Ranar Talata na riga kowa zuwa, rana ta ɗan fito. Na ce tunda ni na ɓata, bari in gyara a ɓoye kowa ya huta. Na ga Rifkatu ta murɗa 'yan abubuwan nan na ƙarƙashin talabijin, na ce ƙila ba ta kai su ƙarshe ba ne. Rediyon kakanka idan ya yi shiru haka nake masa, in yi ta murɗawa har tasha ta fito. Ban ma kunna na'urar ba, don ban san inda ake kunnawa ba. Na murɗa na farko har ya tsaya, na murɗa na biyu har ya tsaya. Na jira. Babu abin da ya faru. Na rufa mata zanenta na ɗauki tsintsiya. Ban san cewa na kashe hasken gilashin gaba ɗaya ba.

Da hantsi Rifkatu ta ce bari ta zare wayar ta gani da idonta. Ta zare, ta kai taga, ta ce, "Yawwa! Iya, zo ki ga. Haƙori ɗaya ya kwanta." Ta zare ɗan ƙarfen da ta maƙale gashinta da shi, ta zauna, ta riƙe numfashi, ta yi ta lallaɓa haƙorin har ya miƙe. Ta mayar, ta ɗaure kusoshin, ta yi addu'arta irin tasu, ni ma na yi tawa a zuci, kuma na fi ta buƙata. Ta kunna. Ƙit. Baƙi ƙirin.

Ba zan manta da fuskarta ba. Ta ce, "To ba wayar ba ce ke nan." Ba ta sake kai hannu ƙarƙashin talabijin ba, don jiya ta duba wurin da kanta, wa zai ce ya canza? Ta sake zare wayar tana dubawa, ɗan ƙarfe a hannu, sai ga Malam Bukar a bakin ƙofa.

"Madam, me nake gani? Da tsinken kitso ake gyaran na'urar gwamnati? Ashe ke ce kike tsokanarta!"

"Ranka ya daɗe, a lanƙwashe na same shi."

"Wa ya lanƙwasa? Ke kaɗai ce mai taɓawa. Ko Iya za ki ce?"

Ta waiwayo ta dube ni, ta ce, "A'a, Iya ba ta taɓawa."

Ni kuwa na sunkuya na ci gaba da shara, na bar ta da laifin.

Ka riƙe wannan da kyau, Mai-sunan-Malam. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya. Ka taɓa, ka gwada, idan bai yi ba ka mayar da shi yadda ka same shi kafin ka taɓa na gaba. Ka ajiye ɗan littafi ka rubuta abin da ka taɓa, ku da kuka iya rubutu a miƙe. Ciwo ɗaya ana gano shi, amma idan mai neman gyara ya ɗora na biyu a kai, ko gwani sai ya rikice, ya warkar da na farko bai san ya warkar ba. Kuma abin da ka duba jiya ka sake duba shi yau, ba don ka manta ba, don ba ka san tsohuwar da ta riga ka zuwa ba. Abin da ba ka san aikinsa ba kuma, ka bar shi. Ba komai ne rediyon kakanka ba.

Rifkatu ta mayar da wayar, aka ba ta takardar tuhuma, aka karɓe mabuɗin ɗakin, aka aika Kano a kira mai gyara. Kwana uku manoma na zuwa suna zama a gindin darbejiyar ƙofar ofis, wasu daga nesa a kan keke, suna tambayar ko sunansu na nan. Maigadi yana ce musu na'ura ta makance, wani tsoho ya ce to a kai ta wurin masu maganin ido mana. Rifkatu tana zaune a baranda, tana ƙoƙarin tuno sunaye da ka tana rubutawa a takarda. Da rana takan buɗe kwanonta ta ce, "Iya, zo mu ci," ni kuwa in zauna in ci. Ka ji irin kakar da Allah Ya ba ka.

Ranar Juma'a mai gyaran ya iso da jaka ƙatuwa da tabarau. Aka bar shi a ɗakin shi kaɗai, sai ni da aka aiko in kawo masa ruwa. Ka san mai shara ba a ganinta, kamar kujera take. Ya kunna, ya saurara, ya leƙa baya ya taɓa waya, sannan ya zura yatsa a ƙarƙashin talabijin ya murɗa. Sai ga rubutu yana fitowa a hankali, kore shar, sunayen manoma a jere. Ya yi 'yar dariya, ya ce wa kansa, "Au, haske kawai aka kashe. Waya ma lafiya lau." A nan na gane abin da na yi.

Shi kuwa ya dubi ƙofa, ya dubi jakarsa, ya tuna daga Kano ya taso. Ya kashe na'urar, ya zare wuta, ya kwance akwatin, ya fiffito da kayan cikinsa, ya hure ƙura, ya mayar. Awa biyu yana zufa. Da na matso zan goge bayan talabijin sai ya daka mini tsawa ya ce kada in kuskura, wai cikin nan yana riƙe wuta ko an zare shi, tana iya jefar da mutum. Wannan kam gaskiya ya faɗa, Rifkatu ma ta taɓa gaya mini. Akwatin ka iya buɗewa idan an koya maka kuma ka zare wuta, amma bayan talabijin ka bar wa masu shi. Ina son mijina ɗanye, ba gasasshe ba.

Da ya gama ya kira Malam Bukar ya ce an yi wasa da haƙoran waya, abin ya taɓa ciki, amma ya shawo kansa. Aka yi ta sa masa albarka. Ni da shi muka haɗa ido sau ɗaya, bai san na ji ba, ni kuwa na san mu biyu ne maƙaryatan ɗakin. Kada ka zama irinsa. Idan gyara ya zo da sauƙi ka ce da sauƙi ya zo. Wanda ya kumbura ƙaramin aiki don a ga girmansa, a kan wani yake tsayawa, ko bai waiwaya ya ga wanda ya taka ba.

Wanda aka taka Rifkatu ce. Aka ce ba ta iya ba, aka mayar da ita kan tafireta, bayan wata biyu aka tura ta Miga. 'Yarta ta bar makarantar da ta saba, mijinta malami yana nan Haɗejiya, sai ƙarshen mako suke haɗuwa. Shekara biyu haka. Ranar da za ta tafi ni na ɗaure mata kaya, na kawo mata daddawa da kuɓewa busasshiya. Ta riƙe hannuna a bakin mota ta ce, "Iya, duk ofishin nan ke kaɗai ce ba ki taɓa kallona da zargi ba." Ta ƙara da cewa, "Abin da ke damuna, har yanzu ban san inda na kuskure ba. Na yi duk abin da aka koya mini." Na buɗe baki, Allah ne shaidata na buɗe, sai na ji kaina ina cewa ta gaishe mini da sauron Miga. Ta yi dariya, mota ta tashi.

Na gaya wa kaina dalilai iri-iri. Kakanka ya rasu, shara ce abincina, idan aka kore ni fa? Daga baya na ce ai ya wuce, tayar da shi ba zai dawo mata da komai ba. Da ta yi ƙoƙarinta ta koma kwas, aka ɗauke ta Dutse, ta zama babba, sai na ce to ka gani, alheri ne ma ya zame mata. Duk ƙarya ce. Ƙoƙarinta ne ya kai ta, ba shiruna ba. Idan ka yi kuskure a wurin aiki, ɗana, ka faɗa a ranar, kafin la'asar. A ranar farko bulo biyu ne da waya. Ga shi yau ya zama shekara shida, har ya kai ga abincin jikana.

Na yi tunanin in bar ka ka tafi ba ka san komai ba. Na yi tunanin in ce ka jira sai ka kama ƙasa, ka yi wata shida, ta ga aikinka, sannan ka faɗa. Innarka da ta san zancen, haka za ta ce, kuma ba za ta yi laifi ba. Amma ba na son a miƙa maka mabuɗi saboda wata Iya da babu ita. Don haka ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai goro. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata 'yar takarda a naɗe. Ranar Litinin, idan ka gaida Rifkatu, ka miƙa mata kifin, ka miƙa mata takardar kafin ta miƙo maka mabuɗi. Ka tsaya har ta karanta. Na san aiken jika ma wata ragwanta ce, gwiwoyina ne ba za su kai ni Jahun ba balle Dutse, amma idan ta ce in zo, ko a bayan motar shanu zan zo.

Ban san abin da za ta yi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na sani ba. Idan ta ce ka koma, ka dawo gida kanka a sama, laifin ba naka ba ne, iliminka kuma yana cikin kanka, babu mai karɓewa. Zan jure fushinka da na innarka. Idan ta bar ka, to daga ranar da sunanka kake aiki, ba da nawa ba.

Ba na son ka ɗauki abin da ba ka san cikinsa ba, ga abin da na rubuta mata. Kwana uku na yi a kansa:

"Rifkatu 'yata. Ni na ɗaga akwatin don tsoron ruwa, ni na lanƙwasa haƙorin, ni na kashe hasken da safiyar Talata. Mai gyaran Kano haske kawai ya murɗa, a gabana. Ba ki kuskure a ko'ina ba. Ke kika gyara na'urar, tun ranar Talata, da ƙarfen gashinki. Ki yafe mini idan za ki iya. Yaron nan bai san komai ba sai a mota."

Shi ke nan, na sauke. Ka naɗe takardar ka sa a aljihun gaba, kada man kifi ya taɓa ta.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya ba ka maƙwabta masu amsa sallama. Allah Ya tsare hannunka daga ɓarna, Ya tsare bakinka daga irin wayon nawa. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci kafin ka zauna gaban na'ura. Duk abin da Rifkatu ta ce, ka rubuto mini shi yadda ta faɗa, kada ka rage ɗaci, kada ka ƙara zuma, ka ba direban da ya kai ka ya kawo. Zan sa a fitar mini da tabarma zaure tun ranar Talata.

Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya, amin summa amin.

Ni ce uwargidanka,
Iya Yagana.